Kurfotin Inna

Wata Asabar cikin damina, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, ina tsakar dafa wake gindin kurfotin Inna ya zube. Garwashi ya watse a tsakar gidanmu na haya a Unguwar Shanu, na tsaya ina kallo. Lokacin Inna ba ta daɗe da rasuwa ba. Baba direban tirela ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba, kayanta kuwa dangi sun rabe har zannuwa. Murhun gawayin nan kaɗai aka bar min, shi ma don ba mai so.

Na kinkime shi zuwa wurin Baba Sabo mai walda a bakin titi, ya yi masa faci. Kafin kaka ya sake hujewa. Sai ya tambaye ni yadda nake kashe wuta. Na ce yadda Inna take yi mana, in an sauke tukunya a yayyafa wa garwashi ruwa, gobe a samu gawayi. "To ai shi ke cinye shi, 'yata," in ji shi. "Ƙarfe ya sha wuta, ki ba shi ruwa, ya kwana cikin jiƙaƙƙiyar toka? Juye garwashin ƙasa ki kashe."

Na gwada, wallahi na gwada. Amma wannan ƙarar "cuuu" da tururin nan mai warin toka, a nan kaɗai nake jin kamar Inna na bayana, za ta ce in ɗauko tsintsiya. Yaran gidan suna can suna 'yar gala-gala, ni ina tsugune gaban murhu, kewa kamar ta kashe ni. Ba a jima ba na koma yayyafina. Faci kan faci, har ranar da Baba Sabo ya juya shi ya ce babu sauran inda walda za ta kama.

Yau a ɗakin gwaji nake aiki, a ƙasar da ba wanda ya taɓa jin sunan unguwarmu. Ina haɗa ƙarfe da nikel da kuromiyom, ina neman wanda zai shekara da shekaru cikin tukunyar tashar nukiliya, ga zafi ga ruwa, bai tsage ba, tsatsa ba ta ci shi ba. Abokan aikina suna cewa na cika naci. Ba su san tun yaushe nake wannan faɗa ba. A gida da lantarki nake girki, in na murɗa maɓalli wuta ta mutu shiru, ɗakin ma shiru. Yanzu na san abin da ya cinye kurfotin Inna sarai. Da za a dawo min da shi yau, ruwan zan sake yayyafa masa.