Ruwan Ba-Birki Ya Ƙi Washewa

Ba-Birki ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan nan bai zalunce shi ba. Mutum ne da ko abinci a tsaye yake ci. Shayi bai taɓa hucewa a hannunsa ba, da zafinsa yake kwankwaɗewa yana hura baki. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan tirela, yau yana gida gobe ya lula, kuma ko ya dawo ba ya kashe inji a ƙofar gida sai ya gama gaisawa da kowa, kamar wanda ake jira a wani wuri. Da idanunsa suka fara gardama, babban ɗansa ya karɓe makullin motar da lallami, ya sayi gida a bayan gari, ya kwashe shi da Innar yara ya kai su can, wai su huta. Hutu? Ai gara a ɗaure Ba-Birki da igiya. Kafin wata ya zagayo ya kwance ƙofar kicin ya mayar, ya sauya wa kujerun falo wuri har Innar yara ta daina sanin inda za ta zauna.

A bayan gidan akwai kwamin ninkaya da tsohon mai gidan ya gina wa 'ya'yansa, shimfiɗe da shuɗin tayil, da matakala a gefe guda, da ɗan ɗakin injin tace ruwa a jikin bango. Ba-Birki ya leƙa shi sau ɗaya ya ce asarar ruwa ce, da tirela aka wanke da shi da ya fi. Ba wanda ya shiga. Ruwan ya kwanta, gansakuka ta sami gida, ta bi bango ta bi matakala, har ya zama kore shar, ba ka ganin ƙasansa.

Sai wata safiya kofi ya suɓuce daga hannun Innar yara, bakinta ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta yi kwanakinta a asibiti ta dawo a keken marasa lafiya. Magana ta dawo, hannu ya fara motsi, amma ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. Likitar gashin ƙashi da ke zuwa gida ta hango kwamin ta taga, ta ce ai magani yana bayan ɗakinsu: a cikin ruwa jiki ba ya nauyi, ƙafar da ta kasa a ƙasa za ta iya takawa a can. Ta ce amma kada a ja lokaci, don ƙafar da aka bari a kwance sandarewa take yi, kuma ba za ta sa marar lafiya cikin wannan koren ruwan ba.

Ba ta rufe baki ba Ba-Birki ya kai bakin titi.

Mai shagon maganin ruwa mutum ne mai sanyin magana, irin wanda ke ƙona wa Ba-Birki rai. Ya ce a goge bango da buroshi, a zuba kulorin da yamma don rana cinye shi take yi, a bar injin tacewa yana aiki ba dare ba rana har gansakukar ta mutu ta kwanta, sannan a zuƙe ta da tiyo a hankali. Ya ba shi 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su sauya launi, ya nuna masa launin da ake nema a jikin kwalba. Ba-Birki yana ta “to, to, to”, ƙafa ɗaya a waje.

Ya yi aiki, wannan kam ba mai ƙwace masa. Ya goge bangon nan har kafaɗunsa suka riƙe. Ya kwashe ganye da raga, ya zuba magani, ya tsaya a kan ruwan yana jiran ya ga ya washe nan take. Washegari koren ya koma fari-fari kamar ruwan wanki. Ya ruga ɗaki ya yi wa Innar yara albishir cewa ta shirya, jibi za ta shiga. Jibin na zuwa, kore ya fara leƙowa daga kusurwoyi.

Ya ce maganin ne ya yi kaɗan. Ya ninka, ya sake ninkawa, da tsakar rana ma zubawa yake don ba zai iya jiran yamma ba. Wari ya cika bayan gida, idanunsa suka yi jajir, rigarsa ta yi dabbare-dabbare, takardar gwaji ta rine ta wuce duk launukan da ke jikin kwalba. Likitar ta zo, ta shaƙi iskar wurin ta girgiza kai. Ta ce garin neman gira za a rasa ido, wannan ruwan fata zai ƙona, sai a jira ƙarfinsa ya sauka. Aka jira, Ba-Birki yana zagaye kwamin hannu a baya yana tsaki. Ƙarfin magani na sauka, gansakuka ta dawo abinta.

Ya kira mai shago ya zazzaga masa masifa cewa jabun kaya ya sayar masa. Mutumin ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya tambaye shi ko injin yana aiki. Ba-Birki ya ce yana yi mana, ya katse wayar.

To, ba ƙarya ya yi ba, amma bai faɗi duka ba. Ɗakin injin nan yana daidai ƙarƙashin tagar Innar yara, kuma injin yana da gurnani. Ba-Birki, wanda ya yi shekaru yana tashin unguwa da hon bai taɓa tunanin barcin kowa ba, yanzu ya zama mai tafiya da sanɗa a cikin gidansa. Da ta kwanta bayan azahar sai ya lallaɓa ya kashe injin. Da magariba ma haka, sai gari ya waye ya kunna. A ganinsa wannan ne abu ɗaya da yake iya yi mata. Bai gaya wa kowa ba, don kunya yake ji a san yana da irin wannan tausayin.

Ita kuwa tana ta yin sanyi. Da farko kullum sai ta tambaye shi labarin ruwa, tana tsokanarsa wai direban da ya ƙetare koguna ga shi kududdufi ya gagare shi. Daga baya ta daina tambaya. Tafin ƙafar ya fara lanƙwashewa ciki, likitar tana ta murzawa. Ran nan Innar yara ta ce masa ya bar wahalar da kansa, keken ma ya ishe ta. Maganar nan ta tsorata shi fiye da duk wani gangare da ya taɓa sauka da kaya. Ya fita ya sake goge bangon da ya riga ya goge.

Da azahar ta yi ya lallaɓa ɗakin inji kamar kullum. Yana danna makunnin, gurnanin ya ɗauke, sai ya ji muryarta ta taga.

“Direba, wai me ya sa kake kashe abin nan?”

“Don ki samu ki yi barci.”

Ta ce, “Ai kashewar ce take tashe ni.”

Ya matso jikin taga. Ta ce duk shekarun da yake kan hanya da kunne ɗaya take barci. Ba ta samun natsuwa sai ta ji gurnanin motarsa a ƙofar gida, a nan take sanin ya dawo da ransa. Ta ce tun da aka kawo su gidan nan ba ta ji abin da ya yi kama da wannan ƙarar ba sai injin ruwan nan.

“In yana yi sai in ce kana gida,” in ji ta. “In ya ɗauke sai in farka, in ce ka tafi.”

Ba-Birki ya bar jikin tagar. Ya koma ya kunna injin, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya daɗe a zaune. Baƙin ciki ya kama shi, na shekarun da ta yi tana sauraron titi bai sani ba, da na kwanakin da ya cinye mata da hannunsa yana ganin gata yake yi mata.

Daga ranar bai sake taɓa makunnin ba. Ya jira yamma ya zuba magani daidai yadda aka ce, ko da yake hannunsa na ƙaiƙayin ƙarawa. Ruwan ya yi fari, ya fara washewa daga sama, matacciyar gansakuka ta kwanta a ƙasa kamar toka. Hali zanen dutse: da ya ɗauko tiyon zuƙa sai ya finciko shi da ƙarfi, tokar ta tashi ta sake turbuɗe ruwan. Ya jefar da sandar tiyon, ya zagaya gida, ya dawo ya jira ta sake kwanciya. A karo na biyu ya ja tiyon sannu-sannu, layi bayan layi, yana cije leɓe, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Shuɗin tayil ya fito. Ya tsoma takardar gwaji ya kai wa Innar yara har gado, ita ce ta kara ta da kwalba ta ce launin ya yi, don idanunsa ba abin yarda ba ne.

Likitar ta zo da safe. Aka turo keken har bakin matakala. Ba-Birki ya shiga ruwan da wandonsa, ya riƙe ta ta ƙarƙashin hammata, likitar na tallafe da bayanta, aka sauko da ita har ruwa ya kai mata ƙirji. Aka ce ya riƙa ja da baya tana binsa. Ƙafar dama ta taka. Ta hagu ta tsaya, ta tsaya, sannan ta ja kan tayil ta matso kaɗan.

Ya ji ƙafafunsa suna son su yi sauri, ya hana su. Injin yana ta gurnani a bayansu.

“Kada ka gaji da ni, Direba,” in ji ta. “Tafiyar za ta yi nisa.”

“Taka a hankali,” ya ce. “Ba inda za ni.”