Uwar Ɓeraye

A ɗakin binciken da nake kwashe shara akwai wata mata da muke kira Uwar Ɓeraye. Ita ke canja wa fararen ɓerayen gwaji shimfiɗa, ta zuba musu abinci da ruwa. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo yana wata ƙasa, sai ya ga dama yake kira. A gida ba ta da wanda za ta ce wa ina kwana. Shi ya sa da ta shiga ɗakin kejin take sauke takunkumin fuska zuwa haɓa, ta bi su tana gaisarwa.

"Iya, mayar da abin nan," nakan ce.

"Kai dai ja kwandonka. Wa ya taɓa gaida mutum da baki a rufe?"

"Mutum kuma?"

"Sun fi ka amsawa."

Da atishawa abin ya fara. Sai idanu suka yi ja, hannuwa suka yi ruɗu-ruɗu. Ta sayi ƙwayar maganin ƙaiƙayi tana sha a ɓoye, don ta san in an gane za a raba ta da ɗakin. Na ce ta je asibiti, ta ce in ji da sharata.

Ranar da numfashinta ya sarƙe ta zube gaban keji, ni na kinkime ta zuwa asibiti. Likita ya ce jikinta ya ɗauki ƙurar ɓerayen a matsayin abokiyar gaba, ya ƙera mata makamai a jini. Duk sanda ta shaƙa, sai jikin ya saki wani sinadari, histamin. Shi ke kumbura ta, kuma yana da ta cewa a kan irin makaman da za a ƙara ƙerawa. Ita ƙwayar da take sha, ƙaiƙayin take kwantarwa, ba ta raba faɗan.

"To a gaya wa jikin ɓerayen nan ba abokan gaba ba ne," in ji ta.

"Ba ya jin magana, Iya," in ji likitan.

Aka mayar da ita ɗakin wanke kwalabe, can ƙasa, ita da famfo. Shugabanni suka yi ta yabon haƙurinta, amma har yau babu wanda ya sauko.

Ni nake saukowa. Kullum idan na gama da sama sai in kawo mata kwalaben ruwan ɓerayen bayan an turara su. Takan ɗaga su ɗaya-ɗaya a gaban fitila, kamar za ta ga wani abu a ciki.

"Na kusa da ƙofa yana shan ruwa kuwa?"

"Yana sha."

"Ka gaishe shi?"

Nakan gaishe shi. Da baki a rufe.