Ranar da Sista Francisca Ta Ƙi Kunna Injin Hoto

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin, Sista Francisca Akaa ta riga ta sauka daga acaɓa da kular abincinta a hannu. Takan buɗe ɗakin hoto, inda ake haska ƙashi da ƙirji a ga abin da ke ciki, ta goge gadon ƙarfen nan mai sanyi, ta gwada jar fitilar da ke bisa ƙofa. Sai ta maƙala ɗan bajon da ke auna yawan hasken injin da ya shiga jikinta, ta leƙo baranda ta ce, "Oya, wa ya fara zuwa?" Haka take tun shekarar da Lafiya ta zama babban birnin jiha, har zuwa wannan watan da take ajiye aiki.

Ba kowa ke son ta a ganin farko ba. Mu nan ba ma barin mara lafiya shi kaɗai, ko hoto za a yi masa sai dangi sun bi shi ciki, wannan ya riƙe hannu, wancan ya riƙe takalmi. Sista kuwa tas take kore su. Torkula, wani manomin doya daga Obi, har yau yana ba da labarin yadda ya koma ya roƙe ta ta sake haska shi, wai na farkon ya yi masa magani. Ta ce masa hoto ba allura ba ne, hasken nan ba a shan sa don marmari. Ya tafi yana gunaguni, amma da kaka ta yi shi ya fara kawo mata doya.

A daminar 2007 rediyo ta kawo labarin girgizar ƙasa a Japan, wadda ta taɓa wata tashar nukiliya. Kafin labarin ya zagaya kasuwa ya haifi 'ya'ya da jikoki. Wani ya tuna akwai rubutun Japan a jikin injin Sista, shi ke nan aka ce gubar can ita ce a nan. Masu tari da masu karaya suka riƙa juyawa daga bakin ƙofa. Sista ta yi ta bayani har muryarta ta dushe: wutar murhu da gobarar daji duk wuta ce, amma ba a fasa girki don daji ya ƙone a wata ƙasa. Wasu suka saurara, wasu suka ce ai dole ta yabi injinta.

A cikin kwanakin nan ne Hajiya Iyatu, mai sayar da riɗi, ta kawo matar ɗanta Mutmainna, wadda ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu. Likita ya ce a yi hoto. Da suka iso ƙofar, Mutmainna ta tsaya cak.

"Wuce mana," in ji Hajiya. "Ke ma tsoron Japan ɗin ne? Ina ke ina Japan?"

Sista ta gaji da masu tsoro a ranar, har ta buɗe baki za ta maimaita zancen murhu. Sai ta lura ba ƙugun da ke ciwo yarinyar ta dafe ba, mararta ta dafe. Ta ce, "Hajiya, zauna a benci, ba a shiga biyu." Ta ja ƙofa.

Sista 'yar ƙabilar Tibi ce, Kirista, Hausarta ma ta kasuwa ce, amma ta daɗe da gane cewa in ka tambayi matar Bahaushe ko tana da ciki a gaban uwar mijinta, kunya ce za ta amsa maka. Don haka ba ta yin tambayar sai ta rufe ƙofa, kuma ba ta kiran abin da sunansa. Ta rage murya ta ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da fashin salla?"

Hawaye suka zubo wa Mutmainna. Wata biyu ke nan. Sau biyu tana ɓari a baya, kowane bayan an sanar da dangi an yi murna, shi ya sa ta ƙudura ba wanda zai ji labarin wannan cikin sai ya yi ƙwari. Ta kuma ji a rediyo cewa irin wannan hasken yana taɓa ɗan da ke ciki.

"Hoto ɗaya ba lalle ya yi masa komai ba," in ji Sista. "Amma ba na haska marar mai ciki sai ya zama dole, kuma sai likita ya sani. Shi kaɗai zan gaya wa."

Ta fito ta ce yau ba za a yi hoton ba. Hajiya ta miƙe ta tambayi dalili. Sista ta ce, "Ni dai na ce ba yau ba, Hajiya." Nan Hajiya ta wanke ta tas a gaban jama'a, ta ce ga mai injin ma tana tsoron injinta, amma tana tura 'ya'yan mutane. Maganar ta yi wa Sista zafi ƙwarai, don ta rushe bayanin da ta yi kwanaki tana yi, kuma da kalma guda za ta iya wanke kanta. Ta haɗiye. Ta je da ƙafarta ta yi wa likita raɗa, ya duba ƙugun da hannu, ya ga buguwa ce ba karaya ba, ya ce a je a huta.

Ke ce, Sista, kika bambanta tsoron da ba shi da tushe da wanda yake da shi, alhali duka biyun fuska ɗaya suka zo miki da ita. Ke ce kika yarda a zage ki a baranda don kada asirin wata ya fita kafin lokacinsa. Mai tsaron jar fitila, ba ki taɓa haska mutum don ki rabu da surutunsa ba.

Hajiya Iyatu ce da kanta take ba da labarin yanzu, tana dariya tana rufe fuska da mayafi. Cikin ya zauna, Mutmainna ta haifi mace. Bayan an yi arba'in Hajiya ta ɗauko jaririyar ta kai ta ƙofar ɗakin hoto, ta tsaya daga waje kamar yadda doka ta ce, ta ce, "Sista, ga wadda kika sha zagi dominta. Ki yafe mini." Sista ta karɓi yarinyar ta ce sai dai a biya ta da kantun riɗi.

Mun gode, Sista Francisca. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da ƙafafu masu ƙarfi. Ku kuma da za ku gaji ɗakin nan, da duk mai aikin da lafiyar mutane ke hannunsa, ku koyi rufe ƙofa kafin ku yi tambaya, ku dubi inda hannun mara lafiya yake. Sunan jikar Hajiya Iyatu Batulu. Bana ta koyi gudu, kuma kakarta ba ta iya kamo ta.