Keken Ɗinkin Kawu Hamidu

Ranar wata Alhamis ce, cikin sanyin shekarar da na shiga aji uku, lori ya tsaya a bakin ƙauyenmu da ke kusa da garin Hajj Abdalla, aka sauko da keken ɗinkin Kawu Hamidu. Dawowarmu ke nan daga makaranta, ƙafafunmu duk taɓon tur'a, magudanar nan da ke shayar da gonakin auduga, sai muka tarar da rabin gari a tsaitsaye. Kawu na can saman lorin cikin farar jallabiya da baƙin tabarau, yana daka wa masu saukewa tsawa. Ya yi 'yan shekaru a Damazin yana yi wa wani tela shara da guga, shi ne ya dawo yana magana kamar Hausa ta yi masa nauyi a baki, kuma duk abin da ya gani a gidan da aka haife shi sai ya taɓe baki. Tun a ranar na ƙi jininsa, tun bai yi mini komai ba.

A hannun Kaka na tashi, mahaifiyar uwata, domin uwata ta rasu ina rarrafe. Kawu Hamidu shi ne autan Kaka. Aikina a gidan bai wuce ɗebo ruwa a tur'a ba, da kora awaki bakin gona, da tsinto karan dawa na wutar kisra, siririyar wainar dawa da muke ci kullum. In na gama sai mu ɓuya bayan danga da ƙawayena mu yi carafke har a neme mu da bulala. Amma idan aka gama tsinkar auduga, aikin da ya fi kowanne daɗi shi ne kala. Mu bi kunya-kunya muna tsintar ɗan abin da ya maƙale a jikin itace, mu kawo wa Kaka a bakin zane. Ta gurje angurya, ta shiɓe audugar da ɗan baka har ta tashi fara sol, sannan ta aika a kira maƙwabta, za a yi lihaf.

Lihaf bargo ne mai auduga a ciki. Namu na gida da tsofaffin tufafi ake yin fuskarsa. Akan shimfiɗa tabarma a rakuba, rumfar tsakar gida, a baza ƙyallen ƙasa, a daddale auduga a kai, a rufe da fuskar da aka harhaɗa, mata su zagaye shi da basilla da abawa. Daga tsakiya suke farawa, kowace tana ɗinkowa zuwa gabanta, tukunyar jabana, gahawarmu, na kan gawayi, gulma na tafiya. Layin kowace daban. Na Goggo Hansatu, maƙwabciyarmu, kullum a karkace yake don ba ta iya yin shiru.

Wanda muke rufa da shi ni da Kaka ya girme ni. Ya yi nauyi, gefensa ya zaizaye, launinsa ya koɗe. Akwai jallabiyar kakana a ciki, da zanen da uwar Kaka ta shigo ƙasar nan da shi daga yamma, daga ƙasar Hausa, a ƙafa, kan hanyar Makka da ba ta ƙarasa ba. A kusurwa ɗaya kuma akwai wani koren ƙyalle mai ƙananan furanni, daga tob, dogon mayafin da uwata take yafawa. Ba ni da hotonta, ban san muryarta ba. Wannan kusurwar nake jawowa fuskata in zan yi barci. Kaka takan ce, "Ja a hankali, Saude, uwarki ba ta son garaje."

Kawu ya kafa kekensa a zaure. In faɗi gaskiya, ya iya taka shi. Yakan sayo soso mai faɗi da yadi mai ƙyalli, ruwan hoda ko ruwan goro, ya haɗa su hawa uku ya kakkafe da allurai, ya ɗauko alli da katako ya zana layuka masu gicciye juna. Sai ya naɗe gefe ɗaya kamar tabarma don ya shige ƙarƙashin hannun keken, ya bi allin da gudu, ƙafarsa na rawa, yana waiwayen 'yan kallo ko suna gani. Abin da mata ke kwanaki a kai, shi kafin la'asar ya gama. Ya ɗaga shi sama yana cewa, "Shufu, ku dubi layi! Ba irin tsummokaran da tsofaffinku ke tarawa ba." Maza su gyaɗa kai, har da waɗanda a cikin tsummokaran aka goye su.

Ana cikin haka aka yi wa Kaka rasuwa a Abu Na'ama, ta tafi ta'aziyya, ta bar ni wajen Goggo Hansatu. Wata rana da aka tashe mu hutun ƙarfe tara na biyo gida shan ruwa, sai na ga angarib ɗinmu, gadon igiya, tsirara. Na ruga zaure. Kawu ya farke lihaf ɗin, ya zubar da audugar a bayan gida awaki na tattakawa. Fuskar ya datse ta da almakashi ta kowane gefe, wai don ta daidaita ta zama shafi na ciki, ya lulluɓe ta da yadinsa mai ƙyalli. Ragowar da ya yanke na zube a ƙarƙashin keken. Na tsuguna ina tonawa, ban ga koren ba. Can na hango shi a hannunsa, ya dunƙule shi, baƙi ƙirin, yana goge man keke da shi. Na ce, "Kawu, na innata ne." Ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya ya ce, "To, ai ga shi ta yi amfani." Uwata kuwa yayarsa ce, ciki ɗaya, ita ta yi goyonsa.

Ranar da Kaka ta dawo, sai da ya tara maƙwabta kafin ya fito da abin. Ya baza shi a kan igiyar shanya yana walƙiya, ya tsaya gefe yana jiran shi albarka. Kaka ba ta ko ajiye jakarta ba. Ta matsa, ta kama gefensa da yatsu biyu kamar mai ɗaga mataccen ɓera, ta saki. Ta ce, "Hamidu, ina mutanen da ke ciki?" Bai gane ba, ya shiga yi mata bayanin soso. Ta shige ɗaki ta bar shi yana magana. Washegari da safe, lokacin da gari ke fita gona, ta ninke bargon ta ɗora wa jakinmu a baya, ta ɗaure da igiya, ta ce in kora shi tur'a ta gaban zauren. Haka jakin nan ya yi ta jigilar ruwa cikin ruwan hoda har abin ya ƙare a jikinsa. Mu kuwa da buhuna muka ƙarasa sanyin wannan shekarar. Koren ƙyallen na ɗauke shi daga shara, Kaka ta wanke da toka, ta wanke da sabulu, man bai fita ba, furannin ma ba su dawo ba.

Da a ce duniya na da kunya, da nan kasuwar Kawu ta mutu. Ina! Jakin ma talla ya zame masa. Matan da suka tuntsire da dariya ranar, su ne suka bi layi da nasu lihaf a kai, a rufe musu da ƙyalli, kada baƙi daga birni su ce musu 'yan ƙauye. Goggo Hansatu ce ta farko. Kaka ta sake shiɓar auduga da sanyi ya zagayo, ta aika kira, ba wadda ta zo. Ita kaɗai ta zauna a rakuba tana laluben ramin basilla, idonta ya riga ya yi rauni, ta bar aikin a rabi. Kawu ya buɗe shago a Damazin, ya yi tumbi, ya zama Alhaji. Har ya tsufa yana ba da labarin jakin a wurin biki, yana dariya har da hawaye, bai taɓa ambaton abin da ya goge mai da shi ba. Na gaishe shi duk rayuwarsa yadda ake gaida kawu, ban ƙara masa ko kalma ɗaya a kai ba.

Yau 'yata ta fari tana da keke mai aiki da lantarki, tana koyon ɗinkin bargo a waya. Hannunta ya fi na Kawu nesa ba kusa ba, tana fitar da ganye da taurari, kuma ina alfahari da ita. Sai dai sabon yadi take saya ta yayyanka don ya yi kama da faci, tufafinmu da suka tsufa kuwa a buhu ake ɗaurewa a kai juji. Takan rufe ƙofa in za ta yi aiki, ta toshe kunnuwanta da waƙa, don kada a karkatar mata da layi. Wani lokaci nakan zo da shayi in tsaya a bakin ƙofar, in ji keken na gudu, in juya da kofin a hannuna. Barguna sun yi kyau yanzu, amma ba sa bukatar kowa.