Yadi Mai Launi Uku

Ni ban yi boko ba, amma na tsufa ina sauraron masu sallama a zaure.

Babban ɗana tela ne, kekensa yana zauren gidanmu a Ƙofar Guga. Da can rabin ɗinkinsa na mutanen Maraɗi ne. Sai ƙungiyar nan ta shugabannin ƙasashenmu ta ɓata da sojojin Nijar, aka rufe iyaka, keke ya yi shiru. Ko da aka buɗe, mutanen Maraɗin ba su dawo kamar da ba. A rediyo aka ce akwai Turawa a bayan waɗannan, akwai wasu Turawan a bayan waɗancan. Na ce to, mu fa, wa ke bayanmu?

Ana nan, ran nan da hantsi wani mutum ya yi sallama. Ina daga bayan labule. Bai tambayi iyali ba, bai tambayi gajiya ba. Ya ajiye yadi fari da shuɗi da ja, ya ce a jera su a ɗinka tutoci. Aka faɗa masa kuɗin ɗinki, bai nemi ragi ba. Nan na san da wata a ƙasa.

Da ya fita na ce wa ɗana, "Tutar wace ƙasa ce?"

"Inna, ta masu taimakon Nijar ce. An ce su ba sa cin amana."

"Ka taɓa ganin ɗayansu?"

"A waya."

"To wanda ya kawo yadin, ɗan gidan wa ne?"

Bai sani ba. Ya ce, "Inna, hatsi ya ƙare, ke kina tambayar dangi."

Ranar Juma'a ya tafi masallaci, na ɗauki reza na zauna. Duk abin da ya haɗa, na farke shi zare-zare. Na san tuwon jikokina nake farkewa. Kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da ɗana.

A na huɗu aka fara kama telolin da suka ɗinka irin wannan tuta. Masu kamun sun leƙo zaurenmu, suka tarar da yadi fari a nan, shuɗi a can, jan kuwa ina zaune a kansa. Suka wuce. Mai yadin bai sake dawowa ba, kuma duk unguwa babu wanda ya ce ya san shi.

Farin na yi kallabi, shuɗin zanen gado, jan rigar matashi. Har yau ba na shanya su rana ɗaya.