Matar da Ta Shayar da Ɗana

Akwai abin da ya same ni a ɗakin haihuwa na garinmu wanda ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Yau na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, amma duk lokacin da na tuna sai kunyar kaina ta rufe ni kamar jiya aka yi.

Lokacin ina da cikin fari ne, na zo goyon ciki gidan iyayena a wani gari kusa da Sandamu. A zamanin nan hukuma ta gina mana ɗan ƙaramin ɗakin haihuwa mai gado huɗu kacal. Ungozoma ɗaya ce, kowa Sista yake kiranta, sai wata tsohuwa mai dafa wa masu jego ruwan zafi a bayan ɗaki. Mata ba su cika zuwa ba sai naƙuda ta gagara a gida. Ni ma sai da na kwana biyu ina fama kafin Innata ta sa aka ɗora ni a amalanke.

Allah ya sauke ni, na samu namiji. Sai dai na zubar da jini sosai, zazzaɓi ya rufe ni, ruwan nono ya ƙi zuwa. Yaro ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe. Inna ta ɗiga masa ruwa da cokali, ya dawo da shi. Ga shi ɗan fari, ko damuwata ba na iya nunawa a gaban mutane, sai dai in ja mayafi in yi hawayena.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata Bafulatana da ta girme ni, an kawo ta daga wata ruga can wajen Kongolam. Mace ta haifa, jaririyar ta yi wuni guda ta koma. Sista ta hana ta tafiya don jikinta ba ƙarfi. Kullum fuskarta na bango, nono ya cika mata har yana jiƙa zaninta.

Rana ta uku bayan azahar, sai ta tashi zaune ta ce wa Innata, "Inna, miƙo mini shi."

Inna ta dube ni. Na yi ƙasa da murya na ce, "Kada ki ba ta, tata ma ba ta zauna ba."

Ta ji ni. Na san ta ji, don na ga yadda ta sunkuyar da kai. Sista da ke wanke hannu ta juyo ta ce, "Ke yarinya, ɗanki kike so ko camfi?" Ba ta jira amsata ba, ta ɗauke shi ta ɗora wa Bafulatanar a cinya. Nan take ɗakin ya yi tsit. Yana tsotso, hawayenta na ɗiga a kansa, tana sharewa da gefen zani.

Kwana huɗu tana shayar da shi, har zazzaɓina ya sauka, nonona ya zo. A maimakon godiya, sai kishi ya kama ni, don ko na ba shi ba ya yin shiru sai a jikinta.

Ranar da mijinta ya zo ɗaukarta, ta ɗaure ƙunshin kayanta ta tsaya a bakin gadona. "Ƙanwata, ba ni shi mu yi sallama."

Na ce, "Barci yake yi."

Idonsa biyu, yana ma kallonta. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ce, "Allah ya raya miki shi." Ta fita tana dafa bango.

Sai ranar suna mahaifina, wanda malami ne, ya ji labarin. Ya ce, "Ai wannan uwarsa ce ta shayarwa, 'ya'yanta 'yan'uwansa ne. Wace ce? Ina take?" Babu wanda ya sani. Kwana bakwai muka yi a ɗaki ɗaya, ko sunanta ban tambaya ba. Aka samo sunan rugar wurin Sista, mijina ya je ya tarar sun tashi sun tsallaka iyaka da shanunsu. Ya yi ta cigiya a kasuwar Mai'aduwa, mako bayan mako, har ya haƙura.

Yaron nan yanzu magidanci ne, ya san labarin, kuma ba ya mantawa da ita a addu'a. Ni kuwa abin da na koya shi ne, mutum na iya kasancewa cikin baƙin cikin da ya fi naka, ya ajiye shi gefe ya taimake ka. Idan ka samu irin wannan mutum, ka gode masa tun yana tsaye a gabanka. Ita abu ɗaya ta taɓa roƙona, na hana ta, kuma ban ƙara samun inda zan nemi gafararta ba.