Haikalin Sin a Katangar Modibbo

Abu uku na jefa cikin kasada a bazarar 1968, ina ɗan shekara goma sha ɗaya: tantabaruna takwas, da katangar ƙasa da ta raba gidanmu da na Modibbo Hammadu a unguwar Rumde, da kuma mutuncin da ke tsakanin mahaifina da wannan maƙwabci nasa. Na farkon kawai na sani a lokacin. Ranar da abin ya fara ina zaune a rumfar Kawu Bala a kasuwar Jimeta, ina taya shi kwance kwanukan sha da jirgin ruwa ya kawo ta Binuwai tun daminar bara. A tsakanin kwano da kwano akwai takardu da aka cusa don kada fenti ya karce. Ɗaya daga cikinsu na warware, sai ga hoto: wani dutse tsaye kamar bango, a tsakiyarsa kuma, can sama inda ko akuya ba za ta kai ba, ga ɗakuna na katako maƙale, da rufi mai lanƙwasa, da wasu dogayen sanduna sirara a ƙarƙashi kamar ƙafafun zalɓe.

A wannan lokacin tantabaru su ne duk dukiyata. Da goro da nake tallatawa bayan makaranta na tara su, kuma cikin tsofaffin tukwanen Inna suke kwana a gindin dalbejiya. Wani muzuru na unguwar ya gano su. Duk ƙwan da suka ƙyanƙyashe, kafin ɗan ya yi gashi ya ɗauke. Na ɗana tarko, na zuba ƙaya, na yi jifa har na fasa randa, muzurun nan bai fasa ba. Da na ga hoton sai na ce to, ga mutanen da suka san yadda ake kai gida inda ɓarawo ba ya kaiwa. Abu ɗaya nake son sani: me ya riƙe shi?

Tambayar nan na yi ta yawo da ita, kuma kowa amsar wata tambayar yake ba ni. Malamin ajinmu ya juya takardar, ya ce wurin ibadar mutanen Sin ne, kuma ba ya cikin jarrabawa, in koma lissafi. Mahaifina, wanda tela ne, bai ma ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba, ya ce, "Gidan gumaka ka shigo mini da shi? Fitar da shi." Modibbo Hammadu ne kaɗai ya duba da kyau, yana zaune kan buzu a zaurensa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Hausarsa ta mutanen Yola, "Ba addininmu ba ne, amma wanda ya hau nan don ya yi ibada, ya san hayaniyar da yake gudu." Magana ce mai kyau, sai dai ba ta gaya mini inda ake kafa sanda ba. Na fito ina huci. Manya uku, babu wanda ya ce mini kawai bai sani ba.

Sai na yanke wa kaina hukunci cewa sandunan nan sirara su ne sirrin. Na yi ta zuwa bakin kogi ina tsinto gora da masu kwalekwale suka yar, na roƙi kwalaye da katakon akwatin sabulu wurin Kawu, na murza igiyar rama. An riga an gama yaɓen katanga na shekara, wanda kowane gida ke yi kafin ruwa ya sauka, ta yi sumul tana ƙamshin ƙasa. A bayan rumbu, inda ido ba ya kaiwa, na hau turmi da guntun ƙarfe na yi ta huda ta. Don kada itatuwan da zan soka su zame, na karkata ramukan suka nufi ƙasa ta ciki, ina jin ni gwani ne. Na ɗora akwatuna hawa biyu, na yi musu rufin kwali mai lanƙwasa, na tokare da gora har ƙasa. Yaran unguwa suka bar langa da wasan gare-gare suka zo kallo. Adda Rabi, yayata, ta riƙe ƙugu ta ce, "Sannu Sarkin Sin, saura ka kira sallah a ciki." Tantabaru suka tare. Muzuru ya zo ya zauna a ƙasa yana ɗaga kai, ni kuwa na yi masa gwalo.

Ruwan farko da na biyu ba su yi komai ba, ko in ce ban ga abin da suka yi ba. Kowane ice da na soka ya zama indararo, yana kwasar ruwa daga rufin yana zuba shi cikin cikin katangar. Wata la'asar aka kece da ruwa, muna tsaye a bakin ɗaki, sai katangar ta yi wani nishi ta zauna gaba ɗaya. Da ƙurar laka ta lafa, ga mu ga tsakar gidan Modibbo, wurin da mahaifina bai taɓa sa ido ba tsawon zamansu. Dada Hajara, matarsa, tana tsaye a ƙofar madafi ba mayafi, tukwanenta sun farfashe, tana salati. Mahaifina ya juya baya da sauri ya rufe fuska da hannun riga. Sandunan gorar da na dogara da su kuwa, biyu na nan tsaye ƙyam, ba su riƙe komai ba.

Tantabaru uku suka mutu. Biyar da suka rage mahaifina ya sa aka kai wa Dada Hajara don ban haƙuri, kuma ni aka sa na kai. Takardar hoton kuwa, Inna ta hura wuta da ita. Aka kafa zana na wucin gadi, domin ba a gini da damina, muka yi watanni muna jin tarin juna, mata na magana ƙasa-ƙasa a gidajen biyu. Modibbo bai taɓa ɗaga murya ba, amma ya daina aiko da nono ranar Juma'a. Da rani ya shigo, ni na kwaɓa ƙasar da ƙafafuna har suka tsage. Dukan da na sha bai dame ni ba kamar yadda har lokacin babu wanda ya amsa mini tambayata.

Amsar sai da na yi furfura na samu. Na zama dillalin kayan gini, har na riƙa zuwa Sin saro tayil. Wani tafinta da na ba labarin ya yi dariya, ya nemo hoton a wayarsa. Ya ce sandunan nan ba su ne ke ɗauke da nauyin ba. Manyan katakai ne aka cusa can cikin dutsen, goshin dutsen kuma ya rufa ginin, ruwan sama ba ya dukansa, shi ya sa ya haura shekara dubu. Ya ce masu addinai uku ne suka raba wurin. Na tambaye shi nisa, ya ce can arewa ne. Kayana suna jiran lodi, ban je ba, kuma yanzu gwiwa ba za ta bari ba.

Yau katangun Rumde na bulo ne, wasu ni na sayar da simintinsu, kuma jikokina kan sami amsar kowace tambaya kafin su gama yin ta, amma ban ga ɗayansu ya huda komai don ya gwada ba. In na yi lissafi, na rasa tantabaru takwas, da katanga, da nonon Juma'a. Na sami ɗabi'a ɗaya da ta ciyar da ni a kasuwa: ba na sayen kaya sai na ga abin da ke riƙe da su ta ciki. Ciniki ne mai riba, amma har yau ina ganin da wani babba ya ba ni amsa ko da kalma ɗaya ce, da na sami wannan darasi da arha.